Kanwar da Na Saya wa Ummu Salma

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela. Ina tsugune gaban mai kanwa, na ɗauki wani dunƙule ina lasa don in ji kaifinta, sai na ji an dafa kafaɗata. Autarmu ce Mairo, mayafinta a hannu, ƙafarta ɗaya babu takalmi.

Ta ce, "Adda, aje kanwar ga."

Na ce, "Bari in gama zaɓe. Ta jego ce, ba a sayen ta da garaje."

Ta ce, "Adda, babu sauran jego. Ummu Salma ta rasu. Cikin mota, hanyar Sakkwato. Yanzu mijinta ya kira ni."

Ban faɗi ba, ban yi kururuwa ba. Na miƙa wa mai kanwa kuɗinsa, na tsaya har ya ƙulle mini ita a leda, har godiya na yi masa. Daga baya mata suka riƙa ba da labari a ƙauyenmu Kalmalo, wai Hawwa akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Kazar da aka yanka ma takan yi ɗan gudu kafin ta gane an gama da ita.

Ummu Salma 'yar farina ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, can ta girma tare da Mairo, shi ya sa take kira na Adda kamar yadda Mairo take yi. Ni kuma in ina son ta sai in ce "ke", in ba ta nan in ce "yarinyar nan". Shekara ashirin da uku na yi a haka, kuma ina alfahari da shi. In ana lissafa masu kunya a ƙauyenmu, da ni ake farawa.

Mijinta Sharafuddeen ma'aikaci ne a sakatariya, mutanen Sakkwato ne, aiki ya kawo shi Illela tare da mahaifiyarsa Hajiya Khadijatu. Shi kaɗai ne ɗanta namiji. Da Ummu Salma ta haifi namiji aka sa masa Mukhtar, gidan ya cika da murna. Bisa al'ada wajena ya kamata ta zo wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Hajiya ta ce jikanta ba zai kwana a gidan da babu lantarki ba, ita za ta yi wankan da hannunta. Jalo, mahaifin yarinyar, yana can kudu da shanu, wayarsa sai ya hau tudu take kamawa. Ni ce ke da magana, na ce to.

Ku riƙe wannan "to" ɗin, don za ku sake jin sa.

Aka raba aiki. Hajiya ita ce mai wanka, ni ce mai kawo itace da man shanu da kanwa duk Lahadi. Ranar da na fara kaiwa na tarar ana cikin wankan safe. An tafasa rabin durom na ruwa, Hajiya tana tsoma damin ganyen darbejiya tana fyaɗa wa yarinyar a baya da ƙirji, tururi ya rufe bayan gidan. Ummu Salma ta cusa bakin zanenta a baki tana cijewa.

"Hajiya, a ɗan surka," in ji ta.

"A surka mi? Ruwan da bai tayar da fata ba sanyi yake kira. Tambayi uwarki, ga ta nan."

Na dubi ƙasa na ce, "Haka ne, Hajiya. Mu ma haka anka yi mana."

Gaskiya na faɗa, haka aka yi mana. Abin da ban faɗa ba shi ne, mu in an fito da mu daga ruwan zafi kwanciya muke yi, kwana arba'in ba mu leƙa ƙofar gida. Ita kuwa tana fitowa ana miƙa mata kwanon kunun kanwa, wanda kanwarsa ta yi yawa har ya yi ja, ta shanye a gaban Hajiya. Kafin gumin jikinta ya bushe, hon ɗin mota yana kira a waje.

Sharafuddeen ya sayi mota wata biyu kafin haihuwar. Mota sabuwa, ɗa sabo, waya mai ɗaukar hoto, abu uku suka haɗu a hannun mutum ɗaya. Shi ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ya ce zaman ɗaki na kwana arba'in ƙauyanci ne, iyalin zamani fita suke yi su sha iska. Hajiya ta yarda da wannan, muddin za a dawo kafin wankan yamma. Shi ma ya yarda da wankan uwarsa, muddin za a gama kafin lokacin fita. Kowa ya samu nasa. Tsohuwar al'ada ta dafa ta da safe, sabuwa ta zaga gari da ita da rana, tsohuwar ta sake karɓar ta da yamma. Babu wanda ya tambayi mai jikin.

Fitar farko kwana ashirin da haihuwa, tafkin Kalmalo aka nufa. An ɗinka mana kaya iri ɗaya, atamfa mai ruwan ganye, har da ni. Hajiya a gaba kusa da ɗanta, ni da Ummu Salma a baya, jariri a cinyata. Ban taɓa shiga mota mai sanyi ba sai ran nan. Da muka shiga ƙauyenmu na rasa yadda ake sauke gilashi, na riƙa buga shi da yatsa don matan da ke bakin rijiya su gan ni. Sun gan ni kuwa. Na ɗaga musu hannu kamar matar hakimi.

A bakin tafki muka fito. Masunta suna shanya koma, yara suna kallon mota. Ummu Salma ta fito tana jan takalmi, dugaduganta a waje, takalmin bikin suna ya ƙi shiga. Taku goma ta yi ta zauna kan wani kwale-kwale da aka kife, tana numfashi da baki.

Hajiya ta ce, "Kun ga ƙafa? Tubarkalla. Jego ya karɓe ta, har ta fi ƙarfin takalmi."

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na ce, "Man shanuna ne, Hajiya. Na saniyar da ba a tatsa don kasuwa."

Aka yi dariya. Sharafuddeen ya jera mu, tafki a bayanmu.

"Maman Mukhtar, tashi mana. Yi murmushi, kamar wadda anka yi wa dole!"

Ta tashi, ta yi murmushi. Ya ɗauka, ya ce bai yi kyau ba, rana ta shiga. Muka koma ta wancan gefe. Sau shida. Ya sayi kifi, muka dawo a kan lokaci, ruwa yana tafasa.

Daga nan fita ta zama aiki. Yau gidan abokin aikinsa a Garu, jibi sunan wani a Darna, Juma'a gidan hoto, Asabar shan lemo a bakin titi. Ko'ina aka je ana karɓar Mukhtar hannu zuwa hannu, ana cewa hancin ubansa ne, goshin kakansa ne. Uwarsa tana zaune a gefe da jakar kayan jariri. In an tuna da ita sai a ce, "Mai jego, an yi ƙiba!"

Ni da nake zuwa duk mako na fi kowa ganin bambanci. Lahadin nan na tarar ta fara wankin tsummokaran yaro ta bar su a ruwa, ta jingina da bango. Wata Lahadin na tarar ba ta iya shayarwa a kwance, sai a zaune, an tara mata matasai uku a baya, wai haka take barci ma. Ga wani tari busasshe da ba ya fita da komai. Zoben aurenta ya nutse a yatsa, sai da sabulu aka cire.

Kowa yana da bayaninsa. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta, don haka a ƙara wuta, a ƙara kanwa, wankan ma ba za a tsaya a arba'in ba, sai an cika wata uku. Game da wankin da take bari kuwa, cewa ta yi, "'Yan matan yanzu ke nan. Ni ranar suna da kaina na yi daka." Sharafuddeen ya kawo maganin tari daga kemis, kwalba biyu, ya ce zaman wuri ɗaya ne yake sa mata nauyin jiki, gara a riƙa fita.

Mairo kaɗai ta ƙi yarda. Ta same ni ina tatsa, ta tsaya a kaina.

"Adda, kin dubi ɗiyarki kuwa?"

"Wace ɗiya?"

"Kina da wata a Illela? Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Na yi wa Hajiya magana ta ce mi na sani, ni da ban taɓa haihuwa ba. Ke ce uwa. Ki buɗe baki."

Na ce, "Ke Mairo, ina kika taɓa jin uwa ta shiga gidan surukai kan maganar 'yar fari? So kike a yi da ni a bakin rijiya?"

Ta ce, "Wallahi gara a yi da ke a bakin rijiya."

Ta tafi. Na ci gaba da tatsa, ina jin haushin rashin kunyar yaran yanzu. Mairo tana da shekara talatin da biyar.

Da Mukhtar ya cika mako shida aka kai shi allurar rigakafi. Sharafuddeen ya ajiye mu a ƙofar asibiti ya wuce ofis, Hajiya ba ta zo ba. Ni ke riƙe da yaro, uwarsa tana bina a baya tana tsayawa. Malamar da ke allura ta gama da yaron, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon Ummu Salma.

"Zo nan, 'yar'uwa. Tun yaushe kike numfashi haka?"

Ta zaunar da ita, ta danna babban yatsa a ƙaurinta, ta ɗauke. Ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Ta auna ta, ta saurari ƙirjinta, ta tambayi wankan da kunun. Sannan ta juyo gare ni.

"Mama, ke ce uwarta?"

Tambaya mai sauƙi. Na gyara goyo. Ummu Salma ce ta amsa, "Awo, ita ce."

Malamar ta ce, "To Mama ki saurara. Wannan ruwa ne ya taru mata, ina tsoron zuciyarta ce ta gaji. A daina kanwar nan, a daina ruwan zafin nan daga yau. Ga takarda, a kai ta babban asibiti a Sakkwato. Ba gobe ba, yau. Kin ji ni?"

Na ce to.

A gida na miƙa takardar ga Hajiya da hannu biyu, na ce wai malamar asibiti ta ce kaza da kaza. Da "wai" na faɗe shi, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai isar da gulma.

Hajiya ta ce, "Ta haihu, malamar?"

Na ce ban sani ba.

"Yarinya ce ko?"

Na ce da ƙuruciyarta.

"To kin ji. Haihuwa tara na yi, ruwan zafi ya tayar da ni duka tara. A daina wanka a tsakiya, sanyi ya kama ta, wa za a zaga? Ni."

Da Sharafuddeen ya dawo, ni ina ɗaki bayan labule, don suruki da suruka ba sa haɗa ido. Na ji yana karanta takardar a tsakar gida. Ya sake karanta ta. Na ji daɗi, na ce mai ilimi ya gani.

Ya ce, "Ai da ma za mu Sakkwato yawon arba'in. Sai a haɗa tafiya ɗaya, mu gaida dangi mu biya asibitin."

Hajiya ta ce, "Baffanka Maliki ya tahi Umara, sai bayan mako biyu. Ka san ba a shiga Sakkwato da jaririn gidanmu ba a fara da ƙofarsa ba. In ya ji mun shigo mun fita ba ya nan, har mu mutu ba za mu gama ba da haƙuri ba."

Ya ce, "Haka ne kuma. Mako biyu kamar gobe ne."

Ya ninke takardar ya soke ta a abin tare rana na gaban mota, don kada a manta. Ni ina bayan labule, labule mara kauri, ana ganin inuwar mutum ta cikinsa. Tari ɗaya da na yi da sun ji.

Lahadin da ta biyo baya na kawo itace. Na kawo man shanu. Na kawo kanwa. Da kunnena na ji an ce a daina, amma na kasa shiga gidan surukai da kaya biyu a maimakon uku, kada Hajiya ta ce ina goyon bayan malamar asibiti. Na dai zaɓi ƙaramin dunƙule. Wannan shi ne iyakar jarumtata.

Fitar ƙarshe da aka yi da ni Ƙwanni ce, ranar Laraba. Sharafuddeen ya ce akwai kayan jarirai masu kyau a can. Muka tsallaka iyaka, ya canza sefa, ya tsaya a bakin kasuwa. Ummu Salma ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa ta mayar.

"Ba ni iyawa. Ku tahi, ina nan."

Ya ce, "Haba Maman Mukhtar, mun zo har nan? Kullum ke sai kin rage wa fita armashi." Bai faɗa da faɗa ba. Ya ɗauki yaro, Hajiya ta bi shi. Suka bar mu mu biyu a bayan mota, an kashe inji, zafi yana shigowa.

Ban tuna ranar da muka taɓa zama mu kaɗai haka ba. Cinyata tana taɓa tata. Ina jin numfashinta yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Na juya ina kallon mai sayar da dogon burodi kamar ban taɓa ganin burodi ba.

Ta ɗora hannu a gwiwata. Hannun da sanyi, a wannan rana.

"Adda."

"Na'am."

"Ƙirjina kamar an kife mini turmi. In na shiga ruwan nan gani nake ba ni fitowa. Ki gaya musu. Ko ki ce a ba ki ni, in zo gida kwana biyu. Ke za su ji."

A bakina akwai magana. Akwai sunanta ma, yana nan a kan harshena, ban taɓa jin nauyinsa kamar ran nan ba. Abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri. Kowace mace haka ta yi. Saura kwana nawa ne."

Ta ɗauke hannunta a hankali. Ta ce, "To, Adda."

A wajena ta koyi kalmar.

Suka dawo da ledoji, hula mai kunnen zomo a kan Mukhtar. Aka ɗauki hoto a jikin mota. Na yi dariya a hoton, don hular ta ba ni dariya.

Daren Laraba har Asabar ban samu natsuwa ba. Na yanke shawara ranar Lahadi zan yi magana. Na shirya kalmomin. Na gwada su a kan saniyata ina tatsa: "Hajiya, ki gafarce ni, na zo ɗaukar yarinyar nan zuwa asibiti." Na gwada da taushi, na gwada da ƙarfi. Saniya ta saurare ni da kyau, ba ta musa ba. Kwana uku ina yi wa dabba jawabi, alhali daga Kalmalo zuwa Illela ɗan acaɓa ba ya gama taunar goro ɗaya. Me ya hana ni zuwa Alhamis? Ba ranar zuwana ba ce. Kada a ce lafiya.

Lahadi na yi sammako. Da na iso gari na ce magana mai nauyi irin wannan ba a shiga da ita hannu rabbana, bari in biya kasuwa in riƙe wani abu da zai sanyaya ran Hajiya. Cikin duk abin da ke kasuwar Illela, ƙafata ta kai ni gaban mai kanwa.

Ban san Baffa Maliki ya dawo ranar Asabar ba. Ban san sun yi wankan safe da wuri sun kama hanya ba. Hajiya da bakinta ta ba da labari a zaman makoki. Ta ce sun wuce Gwadabawa yarinyar ta jingina kai da gilashi. Sharafuddeen ya ce a tsaya a duba ta, ita Hajiya ta ce a bar ta ta huta, in an isa gidan Baffa an gaisa an ci abinci sai a wuce asibitin. Sai da yaro ya yi kukan nono, aka taɓa ta. Takardar malamar tana nan inda aka soke ta, saman kan direba.

Mata suka cika gida. Ana ta cewa kwana ya ƙare. Haihuwa ai yaƙin mata ce, ta yi shahada. Hajiya tana kuka da gaske, tana cewa, "Allah Ya gani, ban taɓa fasa mata wanka ba ko sau ɗaya. Ko ranar da munka fita da ita sai da na yi mata." Mata suna cewa, "Kin yi ƙoƙari, Hajiya, ko uwa sai haka." Ni ina kusurwa ban zubar da hawaye ba, don ba a kukan ɗan fari a gaban mutane. Ledar kanwa tana ƙulle a bakin zanena, na manta da ita.

Ranar uku Sharafuddeen ya aiko da wayarsa ɗakin mata, a nuna mana hotunan marigayiya. Sun fi ɗari biyu. Mairo tana turawa da yatsa ina kallo. Ga tafki, ga Garu, ga Ƙwanni. In ka bi su a jere kana ganin fuskarta tana cika, idanunta suna shigewa, tana matsawa gefe, daga tsaye zuwa jingine, daga jingine zuwa zaune. Makaho ma zai gani. A tsakiyar kowane hoto kuwa ga wata mata da atamfa mai ruwan ganye, ta rungume jariri, haƙoranta duka a waje. Ban san ina da haƙora da yawa haka ba.

Bayan bakwai Hajiya ta ce yaron yana hana ta barci, ga ciwon ƙafa, ko zan riƙe shi tunda muna da madara. Gidan da babu lantarki ya yi daidai yanzu. Na ce to, kuma wannan ne "to" ɗaya da ban yi nadamarsa ba.

Sharafuddeen yakan zo duk Asabar ya ɗauke shi su zaga gari, ya dawo da shi da yamma. Wata Asabar, Mukhtar yana da wata biyar, ya kwana biyu da zazzaɓi, numfashinsa yana sauri. Mota ta tsaya a ƙofa, aka yi hon. Ya yi sallama daga zaure, ya ce a shirya yaro, akwai walimar abokinsa, Hajiya tana mota.

Na saɓa yaron a kafaɗa na fita zauren, babu mayafi. Na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Sharafuddeen, yaron ga ba shi da lahiya. Asibiti za mu, yanzu."

Ya ce, "To Inna, in an taso daga walimar sai..."

"Ba sai an taso ba. Haka kunka ce da Ummu Salma. Haka ni ma na ce. Ka buɗe motar."

Hajiya ta sauke gilashi tana cewa ɗan zafin haƙori ne, duk yara suna yi. Na ce, "Hajiya, matsa ko ki sauka." Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sharafuddeen ya tsaya kamar an mare shi, sannan ya buɗe mini ƙofa da kansa. A hanya yana tuƙi yana share ido da hannun riga. Ban san ko maganar ce ta taɓa shi ba, ko jin sunan daga bakina. Yaron ya kwana uku a asibiti, ya warke.

An yi da ni a bakin rijiya, kamar yadda na yi tsoro. An ce Hawwa ta zubar da kunya, ta kira sunan suruki, ta kira na 'yar fari a gaban maza. Kwana huɗu aka yi ana yi, sai akuyar wani ta shiga gonar wani, aka koma can. Kwana huɗu. Abin da na sayar da ɗiyata don in kauce masa ke nan.

Ba na cewa Hajiya muguwa ce, ba na cewa ɗanta mugu ne. Ita tana tsoron a ce ba ta iya jego ba, shi yana so a ga iyalinsa, ni ina so a ce ina da kunya. Mu uku muka kewaye yarinya ɗaya, kowa yana gyara sunansa, tana nutsewa a tsakiyarmu a zaune. Kwana yakan ƙare, na yarda. Amma takarda ba ta kai kanta asibiti, kuma kanwa ba ta zo daga kasuwa da ƙafarta ba. In kun ga mai jego takalminta ya ƙi shiga, kada ku ce tubarkalla. Ku danna yatsa. In kun je barka, bayan kun gama rabon hanci da goshi, ku juya ku tambayi wadda ke zaune a gefe da jaka. In kuma ɗiyarku ta ɗora muku hannu a gwiwa, ku bar kallon burodi.

Mukhtar ya fara tafiya yanzu. Kullum da safe ina ɗora ruwa, in surka shi sosai, in tsoma gwiwar hannu in ji ya yi ɗumi kawai. In zaunar da shi a baho, yana dukan ruwa yana jiƙa mini zane. Kafin in zuba masa na farko sai in kama haɓarsa ya dube ni, in ce, "Sunan uwarka Ummu Salma." Da ƙarfi nake faɗa, yadda na bayan katanga za su ji. Sannan in ɗauki soso.